Dodon yauƙina ya ƙi kama da yauƙi, waya kuma tana ɗaukar zafi

Nura:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan fanni. Wata huɗu ke nan ina haɗa wani ƙaramin wasa 2D a Godot, manhajar haɗa wasanni, don wayar Android. Babban abokin gaba a ciki dodon yauƙi ne kore, in ka sare shi da takobi ya rabu biyu, in ka ƙyale su su sake haɗewa. Ina kuma so ya riƙa barin sawu a ƙasa, yauƙi kuma ya riƙa ɗiga daga rufin kogo.

Na gina jikinsa da ƙwayoyi 800, kowace tana tura maƙwabtanta tana kuma jan su, irin tsarin SPH, wato lissafin motsin ruwa ta hanyar ƙwayoyi, da na gani a darussa. A kwamfuta lafiya lau. A waya kuwa, da zarar dodanni biyu sun shigo allo sai firam, wato yawan hotunan da allo ke nunawa a sakan, ya faɗo daga 60 zuwa ƙasa da 20, bayan minti biyar wayar ta ɗau zafi. Kuma ba wannan ne ya fi damuna ba. Duk wahalar nan da na sha, abin bai yi kama da yauƙi ba, kamar an zuba tsakuwa a leda ana girgizawa. Ina na kuskure?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin in ce komai, tambaya biyu. Akwai wani abu a wasan da ya dogara da inda kowace ƙwaya ta faɗa, misali ɗan wasa ya karkata ruwan ya cika wani rami kafin ya wuce? Sannan ta yaya kowace ƙwaya take gano maƙwabtanta?

Nura:
A'a Malam, faɗa kawai ake yi da shi. Maƙwabta kuwa, kowace ƙwaya tana duba nisanta da sauran duka. Da GDScript, harshen rubuta kod na Godot, na rubuta.

Malam Bashir:
To ga zafin wayarka nan. Ƙwaya 800, kowace ta auna nisanta da kowace, awo 319,600 ke nan a taki ɗaya na lissafi. In dodanni biyun suna cikin jeri guda, ƙwaya 1,600, lissafin ba ninki biyu yake yi ba, ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Kai kuma in kana son firam 60 a sakan, milisakan 16.7 kacal kake da su ka gama komai, har da zane da sauti da motsin ɗan wasa. GDScript ba don irin wannan dakon aka yi shi ba.

Akwai gyara sananne: ka raba filin gida-gida kamar daran wasa, kowace ƙwaya ta duba gidanta da gidaje takwas da ke kewaye da ita kawai. Amma ni ba wannan shawarar zan ba ka ba. Shawarata ka ajiye SPH gaba ɗaya. Ka ɗauko kayan aikin da aka yi don ruwan da ke gudana ya cika wuri, kana son ka yi halitta mai ido da baki da shi.

Usman:
Allah ya gafarta Malam, a nan kam ban bi ka ba. Don ya rubuta neman maƙwabta ba daidai ba, sai a ce ya watsar da hanyar baki ɗaya? SPH ba sabon abu ba ne, tun 1977 masu nazarin taurari suka fito da shi, Gingold da Monaghan a gefe guda, Lucy a ɗaya gefen. A 2003 Matthias Müller da abokan aikinsa suka nuna yadda zai yi aiki kai tsaye ana cikin wasa. PixelJunk Shooter ya fito a 2009 da ruwa da narkakken dutse suna gudana a PS3. Where's My Water ya fito a 2011, a wayoyin wancan lokacin yake gudana. Wayar yau ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba.

Nura ya yi rabon gidajen nan, ya maida lissafin zuwa harshen C++ ta GDExtension, hanyar da Godot ke karɓar irin wannan kod, ya rage ƙwayoyin zuwa 300, ya ƙara musu kauri da riƙon juna. Rabuwa da haɗewar da yake nema kyauta za su zo masa, ba sai ya rubuta musu doka ta musamman ba. Wannan ne daɗin bin dokar kimiyya: abin da ba ka shirya ba ma yana faruwa daidai.

Malam Bashir:
Usman, misalanka ne hujjata. A Where's My Water me kake yi? Haƙa ƙasa kake yi ka bi da ruwa zuwa bahon wankan wani kada. Ruwan shi ne wasan, in ka cire lissafinsa babu abin da ya rage. Shi ya sa na fara da tambayar da na yi wa Nura. Nasa dodon dole ya san inda ɗan wasa yake, ya yi tsalle lokacin da aka ce ya yi, ya sami iyakar da takobi zai taɓa, idanunsa su zauna a fuska. Tarin ƙwayoyi bai san shi dodo ba ne. Za ka ƙare kana ƙirƙiro ƙarfin da zai hana su watsewa, kana faɗa da lissafin da ka sha wahalar ginawa. Abin da ba ka shirya ba da kake yabo, a wasan faɗa shi ne ke sa ɗan wasa ya ce an cuce shi: ya kai sara, rabin dodon ya malale ta ƙarƙashin ƙafarsa ya kashe shi.

Hadiza:
Ku bar ni in shigo ta ɓangaren masu zane, don ina ga an tsallake ƙorafin Nura na biyu, wanda ya ce ya fi damunsa.

Ido ba ya gane yauƙi ta yawan ƙwayoyi. Ta lokaci yake gane shi. Nura, ka ɗiga gam tsakanin babban yatsa da manuni, ka buɗe su a hankali, ka ɗauki bidiyon da wayarka a yanayin nan mai rage gudu. Kalli abin da zai faru. Ruwa da ka buɗe yatsu ya tsinke, shi ke nan. Gam kuwa sai ya ja zare, tsakiyar zaren ta yi ta sirancewa, ta ɗan lanƙwasa ƙasa saboda nauyi, ta yi jinkiri kamar ba za ta tsinke ba, sannan ta tsinke, kowane ɓari ya koma gida a hankali. Jinkirin nan shi ne yauƙi. In dodonka bai yi shi ba, ko ƙwaya dubu goma ka zuba, ruwa mutane za su gani ko tsakuwa.

Dubi dodon yauƙin Dragon Quest da Akira Toriyama ya zana, wasan da ya fito a 1986. Ɗigo ɗaya ne shuɗi mai tsini a ka, da ido biyu da murmushi. Babu lissafin ruwa ko kaɗan, amma har yau da ka gan shi ka san jikinsa laushi ne da shi.

Abubuwan da nake yi in zan motsa irin wannan halitta: kafin tsalle ya durƙusa ya baje, a sama ya miƙe ya sirance, da ya dira ya baje fiye da farko, sannan ya yi rawar jiki sau biyu ko uku tana raguwa. Sharaɗin da ba a karyawa shi ne girman jiki kada ya canza. In ka rage tsayinsa zuwa 0.7, faɗinsa ya zama 1 a raba da 0.7, wato kusan 1.43. Da ka manta wannan sai ya koma kamar hoto ne ake zuƙowa ana mayarwa. Idanu kuma kada ka manna su daram, su riƙa biyo jiki a makare da firam biyu ko uku, kamar suna iyo a ciki. Wannan ƙaramin abu na idanu, wallahi shi kaɗai yana canza halittar.

Nura:
Anti Hadiza na gode, yanzu na gwada na gam ɗin. Gani ya kori ji. Zaren nan da ke sirancewa shi ne ainihin abin da babu a nawa. Amma ta yaya zan same shi lokacin da dodon ke rabuwa biyu? In zana shi da hannu firam-firam?

Zainab:
Za ka iya zanawa, amma sara daga kowace kusurwa yake zuwa, za ka gaji. Abin da kake nema shi ne metabol. Jim Blinn ya bayyana dabarar a 1982, kuma a 2D sauƙi gare ta ƙwarai.

Ka yi hoto ɗaya na da'ira, tsakiyarta fari tas, yana dusashewa har ya ɓace a gefe. Ka zana irinta kamar goma sha biyu zuwa sha biyar a cikin SubViewport, wato allon ɓoye da ɗan wasa ba ya gani, ka sa haskensu ya riƙa taruwa inda suka hau juna. Sai ka rubuta ɗan shirin launi da zai bi hoton nan fiksil-fiksil: duk inda haske ya haura wata iyaka, misali 0.5, ya shafa kore, inda bai kai ba ya bar shi wayam.

Sirrin yana tsakanin da'irori biyu da ke kusa da juna. Kowace ita kaɗai haskenta a wurin bai kai iyakar ba, amma da suka taru sai ya haura, sai ka ga wuya ya fito ya haɗa su. Suna nisa da juna wuyan yana sirancewa har ya tsinke. Ga zarenka nan, ba ka zana shi ba. In kana so ya daɗe bai tsinke ba, lokacin sara ka jera ƙananan da'irori uku ko huɗu tsakanin ɓarin biyu, ka riƙa rage girmansu a hankali, na tsakiya ya fara ɓacewa.

Kada ka yanke iyakar kai tsaye, gefen zai yi kaushi kamar zarto. Yi amfani da smoothstep, lissafin da ke sassauta gefen a hankali, daga 0.48 zuwa 0.52 ko makamancin haka. Za ka iya sa iyaka ta biyu a sama kaɗan, tsakanin biyun ka shafa kore mai duhu, ya zama bakin layi. Ƙyalli kuma, ka duba bambancin haske tsakanin fiksil da na kusa da shi, wannan zai nuna maka inda jikin ya karkata, sai ka ɗora farin tabo a ɓangaren da fitila take. Jiƙaƙƙen abu ana gane shi ne ta ƙaramin ƙyalli mai kaifi. In ƙyallin ya baje ya yi faɗi, roba za a gani.

Abu ɗaya da za ka kiyaye a waya: hotuna masu shara-shara da ke hawa kan juna suna cin GPU, wato ɓangaren wayar da ke zana hotuna, domin fiksil ɗaya ana shafa shi sau da yawa. Ka mai da allon ɓoyen rabin faɗi da rabin tsayin na gaske, fiksil ɗin sun koma kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Tunda da'irorin dama dishi-dishi ne, ba za a lura ba.

Usman:
Malama Zainab ta yi bayani mai kyau, amma a lura, metabol zane ne kawai, bai faɗi yadda da'irorin za su motsa ba. Kuma wannan ya nuna tsakuwar da Nura ke gani ba laifin SPH ba ne, ƙwayoyin ya zana tsirara bai lulluɓe su ba. Ya lulluɓe su da metabol ya gani.

Malam Bashir:
Wannan gaskiyarka ce Usman, na karɓa. Kamannin tsakuwar daga zane ne. Amma motsin da'ira goma sha biyar ba ya buƙatar lissafin matsin ruwa. Ka ɗauki ɗigo ɗaya a matsayin zuciyar dodo, shi ne CharacterBody2D na gaske, wato jikin da Godot ke motsawa yana lura da karonsa, shi ke tsalle, shi ke karo da bango, shi takobi ke samu. Sauran da'irorin ka ɗaure kowace da zuciyar da sifirin mai birki. Zuciya ta yi gaba, su biyo ta a makare, ta tsaya, su wuce ta kaɗan su dawo. Jinkirin da Hadiza ke magana ke nan. Lambobi biyu ne a hannunka: ƙarfin sifirin da ƙarfin birki. Birki kaɗan, jiki ya yi ta rawa kamar balan-balan mai ruwa. Birki da yawa, ya koma kamar narkakkiyar kwalta. Yauƙi yana tsakani, kuma da ido za ka nemo shi, ba da littafi ba.

In ka fi son jikin ya riƙa bin siffar ƙasa, ya matse ya shiga ƙaramar kafa, akwai wata hanyar: zobe na ɗigogi da aka haɗa da sifirin, ana auna faɗin cikinsa kowane taki, in ya ragu a tura ɗigogin waje. Wanda ya buga Gish na 2004, inda kake tuƙa dunƙulen kwalta, ya san irin jikin da nake nufi. Don motsa ɗigogin ka nemi hanyar Verlet, wadda Thomas Jakobsen ya yi bayaninta a 2001 bayan aikinsa a wasan Hitman na farko. Ba ta ajiye gudu daban, daga inda ɗigo yake yanzu da inda yake a takin baya take gano shi, shi ya sa ba ta cika haukacewa ba.

Kuma don Allah duk wanda ka zaɓa, ka sa shi a _physics_process, mai tafiya sau 60 a sakan ba tare da la'akari da firam ba. In ka sa sifirin a _process, mai tafiya sau ɗaya a kowane firam, ranar da waya ta ɗan yi nauyi takin lokaci ya yi tsawo, dodon zai tarwatse ya cika allo.

Aminu:
A yi min afuwa in ɗan raɓa. Ni 3D nake yi a manhajar Unity, kogin guba nake so ya riƙa gudana yana zagaye duwatsu. Metabol zai yi min?

Zainab:
Don kogi a'a. A 3D sai ka mai da metabol raga, wato siffar da aka haɗa da ƙananan alwatika, kafin a zana shi, yawanci ta dabarar nan ta bin akwatuna da Lorensen da Cline suka wallafa a 1987 don hotunan asibiti, kuma yin haka kowane firam yana da tsada. Kai taswirar kwarara kake buƙata. Fili ne shimfiɗaɗɗe kawai, sai hoto na biyu da ka shafa da hannu, inda ja ke nuna yawan tafiya hagu ko dama, kore ke nuna gaba ko baya. Shirin launi yana jan fatar ruwan ta inda taswirar ta nuna. Matsalar ita ce in aka ci gaba da ja, hoton yana miƙewa ya lalace, don haka ana yin kwafi biyu, ɗaya yana rabin zagaye a gaban ɗaya, lokacin da wannan zai koma farko an riga an dusashe shi wancan ya bayyana. Alex Vlachos na kamfanin Valve ya yi bayanin yadda suka yi hakan a Left 4 Dead 2 da Portal 2 a taron SIGGRAPH na 2010. In guba mai kauri kake so, rage gudun, ka sa tsakiya ta fi gefe sauri.

Malam Bashir:
Aminu ka buɗe naka zaren tattaunawar in kana da ƙarin tambaya, kada na Nura ya ɓace.

Nura:
Saura sawu da ɗiga daga rufi, Malam.

Hadiza:
Ɗigar rufi motsi huɗu ne: ya taru ya kumbura a hankali, ya ja wuya, ya tsinke ya faɗo da sauri, ya baje a ƙasa. Na farkon ya fi kowanne tsawo. Ka sa tazarar lokaci tsakanin ɗigo da ɗigo ta bambanta, in suka zo daidai kamar agogo, ido zai kama ka nan take. Da da'irorin Zainab uku za ka yi shi.

Malam Bashir:
Sawu kuma, ka riƙa ajiye tabo a ƙasa duk bayan 'yar tazara, yana dusashewa cikin 'yan sakanni, ka iyakance yawansu, sabo ya maye gurbin mafi tsufa. In sawun zai riƙa rage wa ɗan wasa gudu, kada ka ce za ka karanto launin allo daga GPU don ka san ko ya taka, wannan yana tsayar da komai. Ka riƙe jerin wuraren daban a kod, abin da ake gani daban, abin da ake lissafi da shi daban.

Usman:
Ni dai har yanzu ina ganin ranar da Nura zai so dodon ya narke ya bi ta bututu ya fito a wani ɗaki, zai dawo neman ƙwayoyinsa. Zan gwada 300 da rabon gidaje a C++ a tsohuwar wayata, in kawo muku adadin milisakan ɗin da ya ci, a daina gardama da baki.

Malam Bashir:
Ka kawo, zan so in gani. In ya sauka ƙasa da milisakan huɗu a taki, ni da kaina zan roƙe ka kod ɗin.

Nura:
'Yan gida na dawo bayan kwana biyar. Zuciya ɗaya, da'ira 14 a kan sifirin, allon ɓoye rabin girma. Dodanni uku a allo, firam yana zaune a 60, wayar ba ta zafi. Da na sare shi ya ja zare ya tsinke, sai da na maimaita saran ya fi sau ashirin ina kallo. Anti Hadiza, maganar idanun nan gaskiya ce, na cire na mayar don in gwada, bambancin ba kaɗan ba ne.

Sabuwar matsala: tunda duk a allon ɓoye ɗaya suke, in dodanni biyu daban suka gifta juna sai su manne su zama ɗaya, har da waɗanda bai kamata su haɗe ba. Ɗan wasa ba ya sanin guda nawa ne a gabansa.

Zainab:
Madalla. Wannan kowa yana cin karo da shi. Kada ka buɗe wa kowane dodo nasa allon, nauyin zai dawo. Hoton allon yana da gurbi uku da ba ka amfani da su daban-daban: ja, kore, shuɗi. Ka zana da'irorin dodo na farko da ja zalla, na biyu da kore zalla, na uku da shuɗi zalla. A shirin launi ka gwada iyakar a kowane gurbi shi kaɗai, sannan ka shafa musu duk launin da kake so a gani. Hasken ja ba zai taru da na kore ba, don haka ba za su manne ba. Inda suka hau juna, wanda haskensa ya fi yawa shi ne a sama. In lokacin haɗewa ya yi, ka sauya launin da'irorin ɗaya zuwa na ɗayan a hankali cikin rabin sakan, za ka ga wuyan ya tsiro da kansa.

Nura:
To in sun kai huɗu ko biyar fa? A mataki na ƙarshe sara yana raba su har shida.

Zainab:
Ba kowa ne ke buƙatar nasa gurbin ba, sai waɗanda ke kusa da juna. Biyu da ke ƙarshen allo daban-daban za su iya zama ja dukansu, ba za su taɓa mannewa ba. Duk sanda biyu masu gurbi ɗaya suka fara kusantar juna, tun kafin gefen da'irorinsu ya taɓu, ka ba ɗaya gurbin da babu kowa a kusa da shi. In kuma huɗu suka cunkushe wuri guda, ka sa su ɗan ture juna, ko ka bar biyu su haɗe da gaske su zama babba, tunda dama halinsu ne. Ka turo bidiyon in ka gama, ina son ganin yadda bakin layin yake a rabin girma.